Kafin Ka Sayi Irin Shinkafa Mai Jure Ƙonewar Ganye, Tambayi Abin da Ke Cikinsa

Don an rubuta "mai jure cuta" a jikin buhun iri, ba a gaya maka komai ba tukuna. Wace cuta? Shinkafar da ta gagari funfuna tana iya faɗuwa warwas a gaban bakteriya, kuma ko a cikin bakteriyar, irin da ya tsaya da ƙafarsa a wata ƙasa yana iya ƙonewa ƙurmus a wata.

Cutar da nake nufi ita ce ƙonewar ganye da bakteriya mai suna Xanthomonas oryzae ke haddasawa, wadda manoman Fukuoka a Japan suka lura da ita tun 1884. Daga bakin ganye ko gefensa take kamawa. Wurin ya yi jiƙe-jiƙe, ya koma rawaya, ya riƙa gangarowa a karkace har ya bushe ya yi toka-toka. Da sassafe za ka ga ɗigon ruwa mai kauri a kan tabon, in rana ta yi ya daskare ya zama 'yan ƙwayoyi rawaya. In kana kokwanto, yanki ganyen daidai bakin tabon ka tsoma a ruwa mai tsabta cikin kofin gilashi. Bayan 'yan mintoci wani farin abu zai riƙa tsiyayowa daga yankan har ruwan ya gurɓace. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke Filifin ta ce asara na iya kaiwa kashi 70 cikin 100 idan iri mara juriya ya gamu da yanayin da cutar ke so. Maganin funfuna ba ya taɓa ta, feshin jan ƙarfe ma abin da yake yi kaɗan ne. Shi ya sa kuɗin kariyar a wajen sayen iri ake kashe shi.

Masana sun gano ƙwayoyin halitta, wato abubuwan gado da shuka ke samu daga iyayenta, fiye da 40 masu ba shinkafa juriya ga cutar, ana kiransu Xa da lamba a gaba. Mafi yawa a kasuwa shi ne iri mai ɗauke da guda ɗaya, galibi Xa4, wanda ya bazu a Asiya ta cikin irin su IR20 na 1969, da IR36 da IR64. Ya yi wa manoma aiki sosai, yana ƙarfafa bangon ƙwayoyin shukar, har karan ma yakan rage kwanciya. Amma da aka shimfiɗa shi a miliyoyin hekta, sai nau'in bakteriyar da ya iya ƙetare shi ya yawaita ya mamaye gonaki, kamar yadda aka gani a Filifin. Ƙarfinsa kuma yana raguwa idan zafi ya tsananta, saɓanin Xa7 da ke ƙara tasiri a zafi. Ba na raina iri mai Xa4, sai dai ba zan dogara da shi kaɗai ba a filin da cutar ke dawowa duk shekara.

Wanda na fi amincewa da shi shi ne irin da aka tara wa ƙwayoyin Xa biyu, uku ko huɗu a jiki ɗaya, musamman idan hanyar aikinsu ta bambanta. Dubi yadda cutar ke cin abinci. Tana shiga ta ƙofofin ruwa na bakin ganye ko ta rauni, ta zauna a jijiyoyin da ke kai ruwa, sannan ta harba wasu furotin cikin ƙwayoyin shukar, su je su kunna ƙwayoyin halittar da ake kira SWEET, masu fitar da sukari. Wato da mabuɗinta take zuwa ta buɗe rumbun shukar. Abin da xa13 ke yi shi ne sauya kwaɗon SWEET11, mabuɗin ya ƙi shiga. Shi kuwa Xa21 gane cutar yake yi tun daga waje ya tayar da garkuwar shukar. Daga shinkafar daji ta ƙasar Mali mai suna Oryza longistaminata aka samo shi, Gurdev Khush da abokan aikinsa a IRRI suka shigar da shi cikin shinkafar noma, Pamela Ronald da tawagarta a Jami'ar Kalifoniya ta Davis suka ware shi a 1995. Xa23 da Xa7 tarko ne: da zarar furotin ɗin cutar ya taɓa su, ƙwayoyin wurin sai su mutu, cutar ta rasa hanyar gaba. Kafin bakteriya ta karya hanyoyi uku a lokaci guda za ta sha wuya. Indiya ta bi wannan hanya da ire-iren shinkafarta, Improved Samba Mahsuri mai xa5, xa13 da Xa21, da Improved Pusa Basmati 1 mai xa13 da Xa21. Ta hanyar barbara tsakanin shinkafa da shinkafa aka same su, ana duba DNA don zaɓen 'ya'yan da suka gaji abin da ake so. Ba a ɗauko komai daga wata halitta an dasa musu ba.

Xa21 yana da rauni ɗaya da mai saye ya kamata ya sani: bai cika ƙarfi a ƙaramar shuka ba, sai ta girma. Idan a wurinka cutar takan kashe shuka tun bayan dashe, nemi wanda aka haɗa shi da wani.

Sai haibirid, wato irin da ake samu kai tsaye daga barbarar iyaye biyu mabambanta. Yana ba da yabanya, ba musu, amma a nan ka kula da yadda aka rubuta sunan Xa ɗin da ke cikinsa. Wanda aka rubuta da babban baƙi, kamar Xa21, yana aiki ko daga gefe ɗaya aka gaje shi. Mai ƙaramin baƙi, kamar xa5 da xa13, sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi. Don haka in aka ce maka "akwai xa13 a jinin wannan haibirid", tambayi ko a iyayen biyu ne. In a ɗaya ne, ba zai kare gonarka ba. Ga shi kuma ba a ajiye irinsa a sake shukawa, domin 'ya'yan rarrabuwa suke yi, juriyar ma ta rarrabu. Irin da ba haibirid ba za ka iya ajiyewa, muddin daga fili mai lafiya ka ɗebo kuma bai cakuɗu da wani ba.

Akwai kuma wanda aka yi wa gyaran ƙwayoyin halitta da fasahar CRISPR. A 2019 masana sun nuna cewa gyara wurin kunna SWEET11, SWEET13 da SWEET14 a irin su IR64 ya ba da juriya ga nau'o'in cutar masu yawan gaske. Aikin yana ƙarfafa gwiwa, amma sayar da irin wannan ya rataya ne ga dokar kowace ƙasa. Duk dillalin da ya ce shi yake sayar maka, sai ya nuna takarda.

Duk wannan lissafi yana rushewa idan ba a san nau'in cutar da ke yankinka ba, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Nau'o'in Afirka zuriyarsu daban take da na Asiya. SWEET14 suke nufa, saboda haka xa13 da ake ji da shi a Indiya ba shi ne maganinsu ba, alhali Xa1 yana tare su. Abin da ya faru a Tanzaniya ya isa darasi. A 2019 cutar ta ɓarke a filayen ban ruwa na Dakawa, a yankin Morogoro, kuma gwaji ya nuna tana kama har da Komboka, irin shinkafar Gabashin Afirka mai Xa1 da Xa4. Da aka bincika DNA ɗinta sai aka ga dangin nau'in Asiya ce, kuma tana da furotin da ke toshe aikin Xa1. Irin bai sauya ba, cutar ce ta zo da sabon makami.

Saboda haka ga abin da zan nema kafin in biya: sunan irin na rajista, ƙwayoyin Xa da ke cikinsa, inda aka gwada shi da shekarar gwajin, da takardar shaidar hukumar kula da iri mai lambar rukuni. In dillali bai sani ba, kai sunan wurin malamin gona ko cibiyar bincike, irin su AfricaRice da IRRI suna da bayanan ire-iren da suka fitar. Tambayi kuma ko an gwada shi a kan 'yar'uwar cutar mai yin siraran layuka tsakanin jijiyoyin ganye, domin yawancin ƙwayoyin Xa ba sa tare ta. Sabon iri kuwa fara shi a ɓangare ɗaya na gona kusa da wanda ka saba, ka bi da su da taki ɗaya da ruwa ɗaya. Kada ka cika yuriya, kada ka yanke bakin ganyen dashe, domin nan cutar ke samun ƙofa, kuma kada ka bar ruwan fili mai cuta ya gangaro cikin gwajin.