Sharhi: kwas ɗin Faransanci da na sa 'yata a Kaduna

Iyaye da dama a unguwarmu sun tambaye ni ko kwas ɗin Faransanci da 'yata ke zuwa ya cancanci kuɗin da ake zubawa. Ya cancanta, amma saboda dalili guda: a can ana sa yaro ya buɗe baki ya yi magana, ko yana so ko ba ya so. Sauran abubuwan da cibiyar ke cika baki da su a takardar talla ban ga sun ƙara mata komai ba, wasu ma sun ɓata min rai. Ba zan kama sunan wurin ba. Cibiya ce mai zaman kanta a arewacin gari, kuma abin da zan faɗa zai taimaka wa mutum ya auna duk wadda ya samu kusa da shi, a Malali take ko a Barnawa.

Yarinyar tana aji ɗaya na babbar sakandare. Ta yi Faransanci a duk shekarunta na ƙaramar sakandare, sakamakonta kuma bai taɓa yin muni ba. Amma ranar da wani ɗan'uwan mahaifiyarta ya zo daga Yamai ya gaishe ta da harshen, ya tambaye ta shekarunta nawa, sai ta sunkuyar da kai. Ta san kalmomin, ta rubuta su a jarrabawa, bakin ne bai saba fitar da su ba. Ban ga laifinta ba, ban kuma ga na malaminta ba. Tun 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, aka shigar da shi manhajar ilimi ta ƙasa, amma abin da ya iso aji shi ne malami ɗaya, ɗalibai maƙil, da ɗan lokacin da bai wuce a cika allo da sarrafa aikatau a kwafe ba. Ta ina kowane yaro zai samu damar furta jimla ko da ɗaya?

Abin da ya fara kwantar min da hankali a cibiyar shi ne ba su tambayi ajinta ko makinta na makaranta ba. Sun zaunar da ita, malami ya yi mata tambayoyi baki da baki, ya ba ta ɗan rubutu, sannan ya ce daga tushe za ta faro. Ranta bai so ba. A mota ta ce min, "Abba, da 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare fa za a haɗa ni." Na ce ta daure. Ajin ƙarami ne, kujerun an jera su a zagaye kowa na kallon kowa, don haka babu bayan aji da yaro zai laɓe.

Malamin shi ne kwas ɗin gaba ɗaya. Bahaushe ne mutumin Damagaram, da Faransanci ya yi karatunsa tun daga firamare. Sun bar iyaye su zauna a darasi idan sun nema, na kuwa nema. Ranar da na zauna, kasuwa ya buɗe musu a cikin aji. Wata ta zama mai sayar da atamfa a Kasuwar Bacci, wani ya zama mai saye, aka shiga ciniki: nawa ne, ya yi tsada, rage min, albarka. Duk da Faransanci. Da wannan ciniki ya koya musu ƙidaya, wadda ita ce ke fara karya gwiwar ɗalibai, don a Faransancin Faransa saba'in sittin da goma ce, tamanin ashirin sau huɗu, casa'in kuwa ashirin sau huɗu da goma. A makaranta haddace su aka sa ta yi, ta manta. A nan kuwa idan ta yi kuskuren lissafi abokin cinikinta ya cuce ta a canji, aji ya kwashe da dariya, ba ta sake yarda ba.

Wani abin da na yaba masa, ba ya jin kunyar jawo Hausa idan bayani ya cije. Littattafan da ake amfani da su a makarantunmu ta Turanci suke bi su kai yaro ga Faransanci, alhali Turanci ba ya raba sunaye namiji da mace. Hausa na rabawa. Yaron da ya tashi yana cewa "rigar" da "wandon" ba baƙo ba ne ga wannan tsari, abin da ya rage kawai ya san inda harsunan biyu suka saɓa, kamar rana da take mace a wurinmu amma namiji a wurinsu, watan sama kuma akasin haka. Cikin ɗan lokaci ya warware musu abin da ta daɗe tana ɗauka wani sirri ne. Ya kuma san inda harshen Bahaushe ke sarƙewa: bambanta sautin p da f, da wasulan da ake fitarwa ta hanci. Yakan tsaya a kansu ya yi ta maimaitawa ba tare da ya muzanta kowa ba. Bayan an gama bayani da Hausa kuwa, ƙofa ta rufe, ba a sake jin wani harshe sai Faransanci.

Kafin zangon ya ƙare ta iya gabatar da kanta, ta kwatanta hanya daga Kawo zuwa gidanmu, ta ba da labarin abin da ta yi jiya da jimloli gajeru. Lafazin bai goge ba, tana kuma tsayawa neman kalma, amma tsoron ya fita. Wannan na biya wa kuɗi, kuma na samu.

Inda muka saɓa da cibiyar shi ne batun takardar shaida. A lokacin rajista an ce mana za a ba yara satifiket da ake karɓa a ko'ina a duniya. Da na matsa da tambaya sai ta bayyana cewa takardar halartar kwas ce da su da kansu suke bugawa. Takardar da duniya ta sani ita ce DELF, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Faransa ke bayarwa, kuma tana da nau'in da aka tsara domin matasa 'yan sakandare. Matakanta A1, A2, B1 da B2 ne, bisa ma'aunin harsuna da Majalisar Turai ta fitar a 2001. Ana gwada abu huɗu: sauraro, karatu, rubutu da magana, kowanne maki 25. Sai ɗalibi ya haɗa 50 cikin 100 zai ci, kuma idan ya kasa samun 5 a ɓangare ɗaya ya faɗi ko da ya cinye sauran. Wanda ya samu takardar ya samu ke nan har abada, ba ta lalacewa. A Najeriya cibiyoyin Alliance Française aka fi sani da gudanar da jarrabawar, kuma kuɗinta daban ne. Babu laifi cibiya ta ce shirya yara kawai take yi, sana'a ce mai kyau. Laifin shi ne a bar uba ya tafi gida yana zaton ya riga ya biya kuɗin abin da ko rajistarsa ba a yi ba.

Haka nan alƙawarin da suka rubuta a allon ƙofa, wai yaro zai iya Faransanci cikin wata uku. Masu koyar da harshen kan ƙiyasta awa 80 zuwa 100 na darasi kafin a kammala A1 kaɗai, kuma jami'o'in Faransa galibi B2 suke nema. Wanda ke zuwa sau biyu a mako sai ya yi lissafi da kansa. Da na faɗa wa malamin haka, cewa ya yi, "Alhaji, ni ban rubuta wannan allo ba. A ba ni yarinyar shekara biyu tana zuwa ba fashi, sannan mu yi magana."

Sai ƙananan abubuwa da ke taruwa su zama babba. Kuɗin littafi da na fom ba sa cikin abin da aka faɗa mana da farko. Ɗakin kwamfuta da aka nuna mana ranar rajista kusan kullum a kulle yake, don idan an ɗauke wuta ba a tayar da janareta saboda aji ɗaya. Da wayarsa da 'yar lasifika malamin ke yin darasin sauraro. Abin da ya fi damuna shi ne jadawali. Sun sa darasin tsakiyar mako bayan La'asar, daidai lokacin Islamiyya. Duk wanda ya san Kaduna ya san wannan lokaci yana da mai shi. Sai da mu iyaye muka haɗu muka yi magana kafin aka mayar da shi wani lokacin, kuma kafin nan wasu yaran sun riga sun daina zuwa. Akwai kuma makonnin da malamin ya yi tafiya aka kawo wani ya riƙe ajin, nan take aka koma kwafe daga allo. A nan na tabbatar cewa ingancin wurin a kafaɗar mutum ɗaya yake, kuma wannan abin tsoro ne ga mai shirin biyan kuɗin shekara gaba ɗaya.

Wani maƙwabcina ya ce min ɓata kuɗi nake yi, tunda ita kanta Nijar ta juya wa Faransa baya. Maganarsa tana da tushe. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci harshen aiki tare da Turanci, ta kuma fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ita da Mali da Burkina Faso. Na yi farin ciki da darajar da Hausa ta samu. Sai dai takardun kwastan da na asibiti da na jami'a a can har yanzu da Faransanci ake cika mafi yawansu, kuma duk ƙasashen da muke iyaka da su ta ƙasa, Benin, Nijar, Chadi da Kamaru, suna aiki da shi. Hedikwatar ECOWAS tana nan Abuja, tafiyar jirgin ƙasa daga Rigasa, kuma Faransanci na cikin harsunanta uku na aiki. Gwamnatin tarayya ma tana da ƙauyen koyon Faransanci a Badagry tun 1991, inda ɗaliban jami'a masu nazarin harshen ke zuwa zama, kamar yadda aka kafa na Larabci a Ngala ta jihar Borno. Yaran Arewa ne suka fi kowa kusa da waɗannan iyakoki, bai kamata a ce kullum wasu ne ke yi mana tafinta ba.

A gida abin da muka ƙara kaɗan ne. Tana sauraron labaran da RFI ke gabatarwa da sauƙaƙan Faransanci, na kusan minti goma, ta rubuta abin da ta kama ta kai wa malamin. Manhajar koyon harshe ta waya ta taimaka mata wajen tara kalmomi, amma ba ta maye gurbin mutumin da zai kalle ta ya jira amsa ba.

Na sake yi mata rajistar mataki na gaba, amma zango-zango nake biya, kuma sai da aka rubuta min sunan malamin da zai ɗauki ajin da jimillar kuɗi har da littafi. Mai niyyar kai ɗansa ya nemi a bar shi ya zauna a darasi ɗaya tukuna, ya lura da wa ya fi yin magana a ajin, malami ko yara. Jarrabawar A1 kuwa da kaina zan je in yi mata rajista a inda ake zana ta.