Ka ɗora Metabase a kan PostgreSQL, ka rabu da H2

Malam, tambayarka ta ko ka bar Metabase, manhajar fitar da rahoto daga bayanai, a kan H2, ƙaramin rumbun bayanan da ya zo da shi, ko ka koma rumbun PostgreSQL ko MySQL, ta fama min tsohon miki. PostgreSQL za ka ɗauka. Ga dalilina.

Ni ke kula da kwamfutar wani shagon sari a Kantin Kwari. Da na fara girka Metabase da Docker, mai tafiyar da manhaja a cikin keɓantaccen akwati da ake kira kwantena, ban saita komai ba, na bar shi da H2 saboda ganin sauƙi. H2 kuwa fayil guda ne, metabase.db.mv.db, yana zaune a cikin kwantena. Wata Asabar na zo sabunta manhajar, na goge tsohuwar kwantena, na tayar da sabuwa, sai ga shafin buɗe sabon asusu yana kallona. Lissafin ciniki bai taɓu ba, don yana wani rumbun daban. Abin da ya tafi shi ne bayanan da ke kan bayanan: asusun yara, tambayoyin da muka ajiye, allunan rahoto, har da sunayen ginshiƙan da na zauna na mayar Hausa don Alhaji ya riƙa dubawa da kansa. Laifina ne, don takardun Metabase sun faɗa ƙarara cewa H2 na gwaji ne. Ranar sai bayan isha'i na bar kasuwa.

Tun da na koma PostgreSQL hankalina ya kwanta. Akwai ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, batirin infata kuma ya riga ya mutu, kwamfutar ta ɗauke ɗif. Da aka tayar da janareta na kunna ta gabana na faɗuwa, sai na ga PostgreSQL ya lura da kansa cewa ba a kashe shi daidai ba, ya bi kundinsa na WAL, inda yake rubuta kowane canji kafin ya aiwatar, ya gyara kansa ya tashi. Ko allo ɗaya bai ɓace ba. A garin nan da wuta ba ta sallama kafin ta tafi, wannan kaɗai ya ishe ni hujja.

MySQL ma yana aiki, lambar ƙofarsa (port) 3306. In kun riga kun saba da shi, to. Ka dai tabbata tsarin haruffansa utf8mb4 ne, don in tsoho ne mai latin1, ƙ da ɗ da ɓ ɗinka alamar tambaya za su koma.

Saitin ba shi da yawa. Ka fara ƙirƙirar rumbun da hannunka, Metabase ba ya ƙirƙira maka. Ka buɗe masa asusu nasa na kansa, kada ka ba shi babban asusun postgres, kada kuma ka cusa shi cikin rumbun cinikinku. Sannan ka cike saituna shida na Metabase: MB_DB_TYPE ka sa postgres, MB_DB_PORT ka sa 5432, sai MB_DB_DBNAME, MB_DB_USER, MB_DB_PASS da MB_DB_HOST.

Wannan na ƙarshen shi ke kayar da mutane. In Metabase na cikin Docker ka rubuta localhost, kwantenar kanta yake nufi, ba kwamfutarka ba, sai ka wuni kana zargin kalmar sirri. Ka sa adireshin kwamfutar, ko sunan kwantenar PostgreSQL in suna kan network ɗaya na Docker. Shi ma PostgreSQL daga farko na gida kawai yake saurare, sai ka gyara listen_addresses a postgresql.conf, ka ba adireshin Metabase izini a pg_hba.conf, ka sake kunna shi. Adireshin nan kaɗai, ba duniya duka ba.

In ka riga ka tara aiki a H2, umarnin load-from-h2 zai kwashe maka, amma sabon rumbun ya zama babu komai a ciki, kuma kada ka haɗa ƙaura da sabunta manhaja rana ɗaya. Ka sa MB_ENCRYPTION_SECRET_KEY, mabuɗin da ke kulle kalmomin sirrin sauran rumbunanku, don a rumbun Metabase ake ajiye su. Ka rubuta mabuɗin a wani wuri.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara wajen sayen kayan. An taɓa sayar min da faifan SSD a kwali da leda, ana rantsuwa sabo ne dal. Na je gida na duba da CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, sai ga awannin aikinsa sun haura na shekara guda. Ka sa a jona shi a gabanka kafin ka biya. Haka UPS, a cire shi daga soket ka ga minti nawa zai riƙe kwamfutar. Masu ce maka za su ba ka hayar saba (server) da arha ta WhatsApp kuwa, ka tambaye su ko asusun da sunanka za a buɗe.

Kuma ka saita pg_dump, umarnin PostgreSQL na kwafar rumbu, ya riƙa ɗaukar kwafi kowane dare zuwa wani faifan daban. Nawa ƙarfe 9 yake yi, kafin a kashe janareta.