ASP ko PHP don shafin duba sakamako? Ɗauki PHP

Ɗan'uwa mai tambayar ASP ko PHP, wato kayan gina shafin intanet guda biyu, don shafin duba sakamakon ɗalibai, ɗauki PHP ka huta.

Da shi na yi wa Islamiyyar unguwarmu irin wannan shafin, yau shekara shida ke nan bai ba ni kunya ba. Abin da ya ja ni gare shi, kayan aikin duk an jera maka su tun kafin ka rubuta layi ɗaya. Ɗalibi ya cike fom ya danna, lambarsa na cikin $_POST. Abin da ya biyo ta adireshin shafi, kamar zangon karatu, yana $_GET. Bayanan sabar da na mai ziyara suna $_SERVER. Tun PHP 4.1 a 2001 suke nan, kuma ko'ina ka kira su za su amsa.

Wanda ya fi shiga raina shi ne $_SESSION, don shi ke tuna cewa wane ya riga ya shiga, kada a riƙa tambayarsa kalmar sirri a kowane shafi. Sai dai yana da sharaɗi: ka kira session_start() kafin komai ya fita zuwa burauza. Na taɓa raba dare ina neman dalilin saƙon kuskuren "headers already sent", ashe fili ɗaya tak na bari kafin <?php. Da na gano, ni kaɗai na yi ta dariya. Ka kuma sani, a saitinsa na asali, zaman da aka bari daƙiƙa 1440 ba motsi, wato minti 24, ana iya share shi.

ASP kuwa, to, yana aiki. Yana da Request, Response, Session, Application da Server. Application ne kawai zan yaba masa: rumbu ɗaya ne da duk masu ziyara ke tarayya a kai, ka kulle da Lock ka buɗe da Unlock, kuma PHP ba shi da takwaransa. Amma na biya kuɗin sabar Windows na shekara guda saboda shi, har yau ina jin zafin kuɗin. Session ɗinsa a ƙwaƙwalwar sabar yake zaune, IIS kuma, manhajar sabar Windows da ASP ke gudana a kai, kan sabunta kansa duk bayan minti 1740, sai ka ga kowa an fitar da shi waje ana tsakiyar shigar da maki. Ga tsufa, rabon da a fitar da sabo tun ASP 3.0 a shekarar 2000.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da shiryayyen shafi da araha. Wani zai ba ka tsohon ASP ya ce ASP.NET ne, alhali ba abu ɗaya ba ne, shi wannan a 2002 ya fito. Wani kuma tsohon PHP zai kawo mai mysql_query, tsohon umarnin magana da rumbun bayanai, wanda aka cire tun PHP 7 a 2015. Kada ka ba da ko sisi sai ya kunna maka shi a kan PHP 8 a gabanka.

Sa XAMPP, manhajar da ke ba ka damar gwada PHP, a kwamfutarka yau, ka fara da fom ɗin shiga. Duk abin da ya zo ta $_POST kada ka zuba shi kai tsaye cikin SQL, harshen tambayar rumbun bayanai, bi da shi ta prepared statement na PDO, wato hanyar PHP ta raba umarni da abin da mai ziyara ya rubuta, in ba haka ba wani yaro mai wayo zai iya ba kansa na ɗaya a aji.