Wane sukuru ne ke riƙe farin katako?

Wanda ya shiga kasuwar 'Yan Katako a Na'ibawa, Kano, da kuɗi kaɗan, galibi farin katako zai ɗauko, irin su obeche. Ba nauyi, zarto na ratsa shi salin-alin, amma ba ya riƙe sukuru. Busasshen obeche nauyinsa wajen kilo 380 ne a mita ɗaya kubik, iroko kuwa ya haura 600. Riƙo ma ya fi nauyi saurin raguwa: katakon da nauyinsa rabin na wani ne, kusan kwatan riƙonsa kawai gare shi. Ga kumburin damina da tsukewar hunturu, su ma suna sassauta rami.

Saboda haka in ka tsaya gaban mai shago, haƙoran sukurun za ka fara dubawa. Mai ƙananan haƙora a matse don ƙarfe aka yi shi da katako mai tauri. A obeche niƙe ramin yake yi, ka zare shi ka ga gari ya biyo shi. Nemi mai manyan haƙora masu tazara, irin ruwan gwal ɗin nan da ake ɗaura kabad da shi. Baƙin sukurun silin ma haƙoransa ba laifi, kuma ya fi araha, shi ya sa kafintoci ke kwasarsa. Sai dai yana da gautsi, kansa kan ɓalle, ga tsatsa in ya sha danshi. Ni ba zan sa shi a gado ko benci ba.

Tsawo da kauri duka suna ƙara riƙo, amma tsawo ya fi aminci, don mai kauri kan tsaga katako in ya zo kusa da baki. Kashi biyu cikin uku na sukurun ya nutse a katakon ƙasa. In filankin sama inci 1 ne, sayi mai inci 3.

Ramin share fage, wato wanda ake fara hudawa kafin a ɗaura sukuru, ya zama siriri, kamar kashi 70 cikin 100 na kaurin jikin sukurun ba tare da haƙora ba. Da kan sukuru ya zauna daidai da katako, a ɗaga hannu. Sau da yawa ramukan da suka lalace, juyi ɗaya na ƙarshe ne da injin ɗaura sukuru ya cinye su.

Akwai wuraren da ko wane irin sukuru ka saya, asara ce. Ƙafar gado, kujerar makaranta da yara ke jijjigawa, ƙyauren shago mai nauyi: a huda ya ɓulla, a sa bol da noti da wosha mai faɗi. Ya fi tsada, kansa kuma yana fitowa fili, amma ba zai fita ba sai katakon ya fashe. Haka goshin katako, inda zarto ya yanka: riƙonsa bai kai na gefe ba, gara a haɗa da gam da ɗan katako a kusurwa.

In hinji ya riga ya saki, kada ka yi saurin sayen sabo. Ƙaramin rami tsinken ashana da farin gam sun ishe shi. Babba kuwa a feƙe katako mai tauri, a shafa gam, a buga ya cika, a bar shi ya kwana, sannan a sake hudawa a ɗaura sukurun da ya fi na da tsawo.