Butik ɗin turin desan anime (finafinnan zane) na bakin kasuwar Tahoua

Iyaye da yawa na tambaya ta ina nike samo ma yara finafinnan da suke kallo lokacin bakansi, to ga amsa. Wani ɗan butik ne kusa da babbar kasuwa nan Tahoua, wani matashi ke riƙe da shi, ordinatar biyu da tele guda a bango sai benci. Ka kawo kile ɗinka ko karta memuwar ya zuba maka, fim guda dala ishirin, in ka ɗauki da yawa yana rage maka ba sai ka yi ta ciniki ba.

Abin da ya sa na liƙe mishi shi ne yaron ya san kayanshi wallahi. Kafin ya tura yana tambayarka shekarun ɗiyanka, in fim na da wurin da bai dace ba zai ce maka baba wanga ba na ƙanana ba ne, a bar shi. Kuma yana buɗe ko wane a gabanka, ya gurgura shi zuwa tsakiya da ƙarshe ka ji sauti ka ga hoto, saboda kar ka kai gida yara sun jeru bisa tabarma sun ƙura ma tele ido a tarar murya ta riga baki ko fim ya yanke ana tsakiyar daɗi. Wannan kaɗai ya isa in ba shi kuɗina da zuciya ɗaya.

Na tambaye shi wanne aka fi nema, ya ce har gobe tsofaffin nan ne, Roi Lion, Nemo, Reine des neiges, sabbi na zuwa su wuce amma waɗannan ba ya goge su daga mashin. Ban yi mamaki ba don can inda aka yi su ma haka abin yake. Roi Lion ya fito a 1994, da Disney ta sake shi a kaset a 1995 an sai da sama da miliyan 30 a Amurka kaɗai. Nemo na 2003 DVD ɗinshi ya wuce miliyan 40. Reine des neiges kuwa ta kwashi sama da dalar Amurka biliyan ɗaya a sinima, sannan ranar farko da faifanta ya shiga kasuwa a watan Maris 2014 aka sai da sama da miliyan 3. Dalili a fili yake, babba in ya kalli fim sau ɗaya ya gama da shi, yaro kuwa sai ya hardace waƙoƙin, ya ce a maido, gobe ma a maido, to uba gara ya saya ya ajiye a gida ya huta. Kuɗin da ke shigowa bayan sinima ke nan, shi ya sa kamfanonin ba sa wasa da finafinnan iyali.

Inda butik ɗin ya gaza, kusan komi da Faransanci ne, ƙanana da ba su shiga lakwal ba hoto kawai suke bi. Sabbin fitowa kuma wani lokaci hoton dishi-dishi, shi kanshi yana cewa a jira mai kyau ya zo.

Amma abin da ya fi ci mini rai, na nemi na Moustapha Alassane babu ko ɗaya. Mutumin nan yana cikin na farko da suka fara fim ɗin zane a Afirka, ya yi Bon voyage Sim tun 1966, ya zauna nan garin namu shekara da shekaru kafin rasuwarshi a 2015, Allah ya jiƙan shi. Yana da Kokoa, kwaɗi na kokowa a fili, yaran da ke rububin kallon kokowar gargajiya ai za su so shi sosai. Kirikou dai akwai, na 1998 mai kiɗan Youssou N'Dour, kuma yana fita sosai in ji mai butik ɗin. Na roƙe shi ya nemo na Alassane, ya rubuta sunan a kaye ɗinshi ya ce zai tambayi abokanshi na Yamai.

In za ka je ka tafi da safe, da la'asar 'yan lakwal na cika wurin. Kuma ka kwashe hotunanka daga kile tukuna, wani lokaci sai ya goge komi kafin ya zuba.