Katako, roba ko jak: me ya kamata ka saya don daidaita motar tafi-da-gidanka?

Daren farko da muka kwana a ɗakinmu na ja, wato ɗakin kwana mai tayoyi da ake ɗaurawa a bayan mota, a wani sansanin matafiya da ke gindin tsaunukan Smoky a jihar Tennessee, ban auna komai ba. Na dubi filin da ido, na ga kamar shimfiɗaɗɗe ne, na kwance ɗakin daga jikin mota. Da asuba uwargida ta zuba mai a kasko za ta soya ƙwai, sai man ya gudu ya taru a gefe guda, rabin kaskon a bushe. Ƙofar banɗaki ta ƙi tsayawa inda aka bar ta. Ruwan alwala ya kwanta a kusurwar da babu magudana. Ni kuwa na tashi da nauyin kai, domin gadonmu a gicciye yake, kaina ya kwana ƙasa da ƙafafuna. Ta ce, "Maigida, gidan nan fa a karkace yake." Da na aro ma'auni wurin maƙwabcinmu, sai ga shi gefen hagu ya yi ƙasa da kusan inci 3.

Tun daga ranar nake bin wannan lamari da hankali. Wanda duk ya sayi ko ya yi hayar irin wannan mota a Amurka, Kanada ko Turai, ko dai mai injin a jikinta ko ɗakin da ake ja a baya, zai tarar shaguna cike da kayan daidaita ta, daga abin da bai kai dala 10 ba har zuwa na dubban daloli. Shawarata ita ce kada ka fara da shago. Fara da buɗe bayan firjinka.

Dalili kuwa shi ne yawancin waɗannan motoci, musamman tsofaffi, suna ɗauke da firji mai aiki da gas, wanda ba shi da injin matsa iska. Wasu ɗalibai biyu 'yan Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙirƙiro shi a 1922. Wanda ya taɓa ganin firjin kananzir da ake ajiye allurar rigakafi a asibitocin ƙauye ya san ɗan'uwansa, domin dabararsu ɗaya ce. Wuta tana tafasa ruwa mai amoniya a cikin bututu, tururin ya hau sama ya huce ya koma ruwa, sannan ya gangaro da nauyin kansa ta cikin lanƙwasassun bututu yana kwashe zafin cikin firjin. Babu famfon da ke tura shi. In motar ta karkata fiye da kima, ruwan sai ya taru wuri ɗaya, tukunyar tafasawa ta yi zafi fiye da yadda aka gina ta, sinadarin hana tsatsa da ke ciki ya daskare ya fara toshe bututun. Wannan toshewa ba ta warkewa. Kaɗan-kaɗan take taruwa, har wata rana a wayi gari firji yana kunne amma nama ya lalace. Lokacin tafiya babu damuwa, girgizar hanya tana kaɗa ruwan. A tsaye ne ake yin ɓarnar.

Kamfanin Norcold ya ƙayyade wa irin wannan firji nasa digiri 3 daga gefe zuwa gefe, da digiri 6 daga gaba zuwa baya, idan kana tsaye kana fuskantar ƙofarsa. A nan mutane da yawa suke ruɗewa. Firji galibi a jikin bangon gefe ake kafa shi, don haka gefensa shi ne gaba da bayan motar. Ke nan inda ya fi tsanani shi ne gangarar da ke tsakanin hancin mota da bayanta. In tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 4 ne, digiri 3 ya kama kimanin santimita 21. A sansani ba kasafai ake kai wannan ba. Amma ƙofar gida fa? Gidaje da yawa a Amurka hanyar garejinsu gangara ce, kuma a nan ne ake kunna firji tun dare don ya yi sanyi kafin tafiyar gobe. Na fi jin tsoron wannan dare ɗaya fiye da mako guda a daji.

In kuwa firjinka na zamani ne mai injin matsa iska, wanda ke jan wutar batir, to ya fi haƙuri da karkata nesa ba kusa ba. Abin da ya rage maka shi ne jin daɗin barci, magudanar ruwa, ƙofofi, da sashen bangon da ke zamewa waje don faɗaɗa ɗaki in motarka tana da shi, domin injinsa yana wahala in jikin motar a murɗe yake.

Abin awo shi ne sayayya ta farko, kuma ba ya buƙatar dogon tunani. Ma'aunin magina, wanda ke da ɗigon iska a cikin ruwa, ya isa. A aza shi a ƙasan ɗaki kusa da firji, sau ɗaya a tsaye sau ɗaya a gicciye. Akwai ƙanana da ake mannawa a waje, gaba da gefe, masu zane-zane, kowane zane yana nuna inci ɗaya na abin da za a sa a ƙarƙashin taya. Suna da arha kuma suna rage kai-kawo, sai dai dole ka fara daidaita motar sosai da babban ma'auni kafin ka manna su, in ba haka ba kullum ƙarya za su riƙa faɗa maka. Waya ma tana awo, amma tudun kyamarar da ke bayanta yana hana ta kwanciya daidai, sai a kula. Na'urar LevelMatePRO, wadda kuɗinta ya haura dala 100, ana ɗaure ta a bango, tana aika wa wayarka adadin incin da kowane gefe yake nema kana zaune a kujerar direba. Ga mai tafiya shi kaɗai, ko mai isowa sansani da dare, kuɗin bai tafi a banza ba, domin kana iya matsawa gaba ko baya a hankali har ka sami inda ƙasar ta fi kyau tun ba ka sauka ba. Ga mai abokin tafiya da zai tsaya a waje yana kallo, ba dole ba ce.

Inda gardama take shi ne abin da za a sa a ƙarƙashin taya.

Katako shi ne na kakanni, kuma har yau ban raina shi ba. Wanda ake kira 2 sau 10 a shagunan katako na Amurka kaurinsa na gaskiya inci ɗaya da rabi ne, faɗinsa inci 9 da kwata, ya ishe yawancin tayoyi. Ka yanka shi tsawo daban-daban, ka fere bakin kowanne don taya ta hau cikin sauƙi. A ƙasa mai laushi babu kamarsa, yana raba nauyi, ba ya nutsewa da wuri. Aibinsa nauyi da cin wuri. In ya sha ruwa ya ƙara nauyi, ya kwaso laka da ƙwari zuwa cikin ma'aji, in ya tsufa kuma ya tsage ta tsakiya.

Bulon roba masu shiga juna, irin su Lynx Levelers masu ruwan lemo ko na Camco masu ruwan ɗorawa, suna zuwa goma-goma a jaka, galibi ƙasa da dala 50. Ana jera su kamar dalar gyaɗa, kowane hawa ya ƙara kimanin inci ɗaya. Abin da ba a rubuta da manyan baƙaƙe a jikin jakar ba shi ne yadda goman take ƙarewa da sauri: hawa uku a ƙarƙashin taya ɗaya ya cinye shida. Mai tayoyi biyu a gefe, ko motar da tayoyin bayanta tagwaye ne, jaka biyu yake bukata tun farko, domin ba a ɗora taya ɗaya a bar tagwaicinta a rataye. Suna da sauƙin ɗauka, ana wanke su, kuma suna yin aiki na biyu a ƙarƙashin ƙafar jak. A kan tsakuwa mai kaifi suna fashewa, a laka kuma ramukan cikinsu su cika. Babbar gajiyarsu ita ce kintace: ka jera, ka hau, ka auna, ka ga bai yi ba, ka sauko ka sake.

Wannan kintace ne ya sa na koma wa mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, irin na Andersen. Kana tura siririn bakinsa a gindin taya, ka ja mota a hankali, taya tana hawa yana juyawa a ƙarƙashinta, daga rabin inci har inci 4. Da an kai daidai sai a tsaya, a cusa wejinsa ta ɗaya gefen. Yarinyarmu ce ke tsayawa gaban ma'auni tana ɗaga hannu, ni ina kallonta ta madubi, da ta dunƙule hannun sai in taka birki. Aikin da kan ci mana minti goma sha biyar ya dawo biyu. Amma kafin ka biya kuɗi, ɗauki awo ka auna tazarar da ke tsakanin tayoyinka biyu na gefe. In sun matsu, ba zai shiga ba sai an yanke bakinsa, wani lokaci ma ko an yanke ba ya shiga. A kan siminti mai santsi yana zamewa sai an shimfiɗa masa roba. Kuma in ƙasar ta nemi fiye da inci 4, ya gaza, sai katako ya taimaka. A Turai an fi amfani da tudun roba mai matakai: Level Up na kamfanin Fiamma na Italiya yana da hawa uku, santimita 4, 7 da 10, Quattro na Milenco a Ingila kuma hawa huɗu. Sun dace da motoci masu injin a jiki, sai dai suna da girma, kuma matakin da ka samu shi ne naka, babu tsaka-tsaki.

Sai jak mai sarrafa kansa. Ka danna maɓalli, ƙafafu huɗu ko shida su sauko, motar ta daidaita kanta cikin 'yan mintuna. Wasu da lantarki suke aiki, wasu da ƙarfin mai irin wanda ke ɗaga bayan tifa. A Amurka za ka ji sunayen Lippert, HWH da Bigfoot, a Turai kuma E&P Hydraulics na Holan da AL-KO. Na ga dattijon da gwiwa ta hana shi durƙuso yana zaune a kujerarsa motarsa tana gyara tsayuwarta, kuma na san ba don wannan na'ura ba da tuni ya daina fita. Ga irinsa, da mai babbar mota, da mai sauya masauki kullum, abin ya cancanci kuɗinsa. Ga sauranmu akwai abin dubawa. Kuɗin dubbai ne. Yana cin batir, bututun mai yana iya yoyo, kuma ranar da ƙafa ɗaya ta ƙi komawa sama ba inda za ka je, don haka tun a shago ka sa a nuna maka yadda ake janye ta da hannu. Ga nauyi kuma, gomman kilo. A Turai, inda lasin tuƙi na gama-gari ya tsaya a kilo 3,500, wannan nauyi daga kason ruwanka da kayan abincinka za a cire shi. Har da jak ɗin ma ba ka rabu da katako ba, domin a ƙasa mai laushi ƙafarsa nutsewa take yi.

Kada a ruɗe ka da ƙananan jak ɗin da ke kusurwoyi huɗu na ɗakin ja. Aikinsu hana girgiza ne in ana tafiya a ciki, ba ɗaga nauyi ba. Wanda ya ɗaga ɗaki da su zai lanƙwasa su, ko ya murɗe ƙarfen gindin ɗakin har ƙofa ta daina rufuwa. Tsarin shi ne a daidaita gefe da gefe tun ɗakin yana ɗaure da mota, a sa weji a tayoyin duka gefe biyu, a kwance shi daga motar, a daidaita gaba da baya da jak ɗin hanci, wato wanda ke gaban ɗakin, sannan a sauke na kusurwa su taɓa ƙasa da ɗan ƙarfi kawai. Mai mota mai injin a jiki kuma ya riƙe wannan: birkin hannu tayoyin baya yake kamawa. In ka ɗaga su sama suka bar ƙasa, babu abin da ke riƙe motar. A gangara, juya ta yadda gaba ne zai nemi ɗagawa.

Da yau zan fara daga farko da ɗakin ja irin namu, zan sayi ma'aunin magina da weji nagari guda biyu na roba mai nauyi, in yanka katako huɗu, in yi tafiya uku da su ina rubuta inci nawa kowane masauki ya nema. Mu namu lissafin bai cika wuce inci 3 ba, shi ya sa jinjirin wata biyu da jakar bulo ɗaya suka wadatar. Katakon nan huɗu har yanzu suna cikin ma'aji, kuma a bazarar da ta wuce, a wani sansani da ruwan sama ya kwana yana zuba, su muka shimfiɗa a ƙarƙashin jinjirin watan kafin taya ta yarda ta hau.