Tsarin I Am Alive na PTAD: sauƙi ya samu wa tsofaffinmu amma saura batun magani

Jama'a duk wanda yake da tsoho a gida mai karɓar fanshon gwamnatin tarayya na tsohon tsari, dan Allah ya daure ya koyi yadda ake amfani da I Am Alive ɗin nan, wato hanyar tabbatar da ɗan fansho yana raye ta intanet, na hukumar PTAD mai biyan wannan fanshon, ni dai ni nake yi wa Baba kuma gaskiya na yaba. Amma kar a rikice, wannan ba na waɗanda kuɗinsu ke hannun kamfanonin PFA masu kula da asusun fansho bane wato tsarin karo-karo da aka kawo a dokar fansho ta 2004 aka sake gyara ta a 2014, kuma ba na ƴan fanshon jiha bane. Na mutanen da ne, irin tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa da kamfanin waya na NITEL da kwastan da sauran ma'aikatan tarayya da suka yi ritaya a tsohon tsari.

Abun ba wuya. Ka shiga shafinsu da wayarka, ka sa lambar fansho da lambar akawun ɗin da ake turo kuɗin, sai ka ɗauki hoton fuskar tsohon, na'ura ta gwada da hoton da suka ɗauka lokacin tantancewa, sannan ta ce ya ɗan motsa fuska don a tabbatar mutum ne mai rai ba hoto aka ɗaga mata ba. Shikenan sai bayan wata shida kuma. Akwai hanyar yatsa ga wanda fuska ta ƙi amma ita sai da na'urar ɗaukar zanen yatsa. Shawarata a fita tsakar gida inda akwai haske, a cire wa Baba hula da tabarau, kuma a yi da sassafe kafin netwok ya fara wasa da hankalin mutane. Kyauta ne fa, data kawai za ka ƙona, duk wanda ya bugo waya yace daga ofishin fansho yake a turo wani abu ko a karanto masa lambar sirri ta kati to ɗan damfara ne.

Wanda bai ga yadda ake tantancewa a da ba ba zai gane me yasa nake ta yabo ba. Dattijo ɗan shekara saba'in da wani abu, mai hawan jini mai ciwon ƙafa, a taso shi daga ƙauye zuwa babban birnin jiha da fayil a hammata ya wuni a layi cikin rana, wasu har su kwana a masallaci don kuɗin mota bai isa a je a dawo ba, duk don a yarda yana raye. Kuma ba tsofaffin ne suka jawo ba, ɓarayin biro ne suka cika takarda da sunayen bogi, ai kowa ya tuna shari'ar Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, da kotu ta yanke masa shekara 8 a 2021. Toh yanzu a ce daga kan tabarmarsa zai gama komai, wallahi ba ƙaramin abu bane.

Inda raina bai kwanta ba shi ne tsohon da ba shi da ɗa ko jika mai babbar waya, dole sai ya nemi mai shagon kwamfuta, wani kuma sai ya caje shi kuɗin da bai kamata ba.

Sai babban abun, magani. An tabbatar yana raye an turo alat, amma rabin kuɗin a kemis yake ƙarewa, maganin suga da na hawan jini kullum ƙara tsada suke. Alhali dokoki suna nan, sashe na 173 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a riƙa duba fansho duk shekara biyar ko duk sanda aka ƙara albashin ma'aikata, dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa NHIA da Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta wajabta inshorar lafiya ta kuma ware asusu na masu rauni wanda tsofaffi na ciki, ga kuma dokar cibiyar kula da dattawa ta ƙasa. Tunda ga sunayen ƴan fansho nan a kwamfuta da hotunansu an tantance, me zai hana ƴan majalisa su matsa a haɗa su da inshorar kai tsaye, duk wanda ya yi I Am Alive katin asibitinsa ya fito tare? Duk mai ɗan majalisa a kusa dan Allah ya kai masa wannan maganar.